Ɗakin karatu na gunduma: yadda littafi ke iske mutane a ƙauyensu

Ɗakin karatu na jama'a wuri ne da ake ajiye littattafai, jaridu da sauran takardu domin kowa ya zo ya karanta, ko ya ara ya tafi da su gida, ba tare da ya biya kuɗi ba. Wasu suna ce masa laburare, waɗanda suka yi lakkol kuma suna ce masa bibliyotek. Ya bambanta da kanti, domin ba a saida kome a cikinsa. Ya bambanta da makaranta, domin babu jarrabawa, kuma babu mai tambayar ka ajin da ka kai. Manomi da malami, tsohuwa da jikanta, duk ƙofa ɗaya suke shiga.

Amma akwai wata matsala da ta daɗe. Littattafai a birni suke taruwa, alhali mutane da yawa a karkara suke zaune. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci kun san zancen. Mutum ya sha wahala wata da watanni har ya iya haɗa baƙi da wasali, sa'an nan a rufe aji, ya koma gida, babu ko takarda ɗaya da zai duba. Bayan damina biyu ko uku, sai karatun ya fara gudu. Hanyar da ba a bi, ciyawa ke cinye ta. A ƙasar Amurka, wata gunduma ta nemi maganin wannan matsala tun shekaru fiye da 120 da suka wuce, kuma dabarar da ta yi ta cancanci a san ta.

Mi ake nufi da gunduma a Amurka?

Amurka tana da jahohi 50. Kusan kowace jaha an raba ta gunduma-gunduma, kamar yadda jahar Maraɗi ta ƙunshi Tasawa, Dakwaro, Madarunfa da sauransu. Gunduma tana da babban gari inda hukumomi suke, da ƙananan garuruwa, da gonaki. Tana da nata shugabanni da jama'a ke zaɓe, tana karɓar haraji, tana kula da hanyoyi da makarantu. A wurare da dama ita ce ke riƙe da ɗakunan karatu.

Jahar Maryland, a gabashin ƙasar, tana da gundumomi 23, ban da birnin Baltimore da ke zaman kansa. Ɗaya daga cikinsu ita ce gundumar Washinton. Kada a haɗa ta da birnin Washinton, fadar gwamnatin ƙasar. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Babban garinta shi ne Hagerstown. Faɗinta ya kai wajen murabba'in kilomita 1.200, ƙasar tuddai da kwaruruka da gonaki. A shekarar 1900 mutanenta ba su wuce dubu 45 da ƴan kai ba, kuma da yawansu manoma ne. A ƙidayar 2020 sun haura dubu 154.

Akwatuna a kantunan ƙauye

A shekarar 1901 aka buɗe ɗakin karatu a Hagerstown, da sharaɗin cewa na dukan gundumar ne, har da mutanen karkara. A lokacin wannan sabon abu ne. Yana cikin na farko-farko irinsa a Amurka. Aka ɗauko wata mata mai suna Mary Titcomb, wadda ta riga ta yi wannan aiki a arewacin ƙasar, aka damƙa mata shugabancinsa.

Ba ta daɗe ba ta gane cewa suna kawai aka yi. Manomin da ke nesa da gari ba zai bar gonarsa ya yi tafiyar yini a kan doki domin aron littafi ɗaya ba. Sai ta sa aka ƙera akwatuna, kowane yana ɗaukar littattafai ƴan gomomi. Aka kai su kantunan ƙauye, gidajen waya da gidajen wasu amintattun mutane. Mai kanti ko mai gida shi ke riƙe da akwatin, yana rubuta sunan wanda ya ara. Bayan wani lokaci a maida akwatin gari, a kawo wani da sababbin littattafai. Zuwa 1904, irin waɗannan wurare sun kai 66.

A nan ne hikimar take, kuma ya kamata a tsaya a lura da ita. In aka ba ƙauye littafi 40 aka ce nasa ne har abada, cikin shekara ɗaya masu son karatu sun karance su, daga nan sai ƙura. In kuwa ƙauyuka 10 suna musayar akwatunansu, kowane ƙauye zai ga littafi 400, alhali kuɗin da aka kashe bai ƙaru da ko dala ɗaya ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne wahalar ɗauka da kai wa, da riƙon lissafi. Tamkar adashi ne: kowa ya zuba kaɗan, kowa ya kwashi mai yawa in zagayensa ya zo.

Amalanken littattafai

Duk da haka akwai gidajen gona da ke nesa da kowane kanti. Domin su ne Mary Titcomb ta sa aka ƙera wata amalanke ta musamman, mai kantoci a gefe biyu, wadda ke ɗaukar littafi wajen 200, dawaki biyu suna jan ta. Ta fara fita a watan Afrilu na 1905. Ana ɗaukar ta a matsayin ɗakin karatu mai yawo na farko da wata gunduma ta yi a Amurka.

Wanda aka ba tuƙinta shi ne Joshua Thomas, mai sharar ɗakin karatun kuma mai gadinsa. An zaɓe shi ne domin ɗan ƙasa ne, tsohon soja, ya san hanyoyi, mutane kuma sun san shi. A ganina wannan zaɓi ya fi amalanken kanta muhimmanci. Mutanen karkara, ko a ina suke, ba sa saurin buɗe wa baƙo ƙofa, balle baƙon da ya zo da kyauta ba a roƙe shi ba. Da baƙon malami aka aiko daga birni, da wataƙila littattafan sun koma yadda suka zo. A wata 6 na farko ya yi fita 31, yana cin wajen kilomita 50 a yini, ya ba da aron littafi 1.008.

An ba da labarin cewa da farko wasu sun tsorata da amalanken, domin baƙin fenti gare ta, ta yi kama da wadda ake ɗaukar gawa. Sai da aka shafa mata jan fenti kafin hankali ya kwanta. A 1910 jirgin ƙasa ya banke ta a wata mahaɗa, ta farfashe. Direban da dawakin suka tsira. A 1912 aka maye gurbinta da mota. Mary Titcomb ta riƙe aikin har rasuwarta a 1932.

Yadda tsarin yake tafiya a yau

Tushen bai sake ba: uwa ɗaya, rassa da yawa. Babban ɗakin karatu yana Hagerstown, a cikin sabon ginin da aka buɗe a 2013. Akwai rassa a ƙananan garuruwa kamar Boonsboro, Hancock, Smithsburg, Sharpsburg da Williamsport. A babban gida ake sayen littattafai, a yi musu lamba, a rubuta su cikin kundi ɗaya. Ƙaramin reshe ba ya bukatar nasa mai saye ko nasa mai lissafin kuɗi. Aikinsa shi ne karɓar mutane.

Mazaunin gunduma yana zuwa da takardar shaidarsa, a yi masa kati kyauta. Da wannan kati ɗaya yake ara a kowane reshe. A mafi yawan ɗakunan karatu na Amurka ana ba mutum mako 2 ko 3, kuma yana iya neman ƙari in babu mai jiran littafin. In littafin da yake so yana wani reshe, ba sai ya tafi can ba. Ya faɗa wa ma'aikaci, ko ya nema da kansa ta kwamfuta ko salula, motar da ke zagaya rassa ta kawo masa. In gundumar duka ba ta da shi, a aro daga wata gunduma. A Maryland, babban ɗakin karatu na Enoch Pratt da ke Baltimore shi ne rumbun da sauran ke komawa gare shi in sun rasa abu.

To, ƙaƙa ake gane wurin littafi ɗaya cikin dubbai? Yawancinsu suna bin tsarin da wani mutum mai suna Melvil Dewey ya fito da shi a 1876. Ya kasa ilimi kashi 10, kowane da lambarsa. Addini yana 200, harsuna suna 400, tarihi da labarin ƙasa suna 900. A cikin 600 ake samun ilimin aikin hannu da na rayuwa: 610 kiwon lafiya, 630 noma, 636 kiwon dabbobi. Ana liƙa lambar a ƙeyar littafi, a jera su bi da bi. Kamar kasuwa ce: wanda ya san layin ƴan hatsi ba ya neman gero a rumfar ƴan tireda. Wanda ya iya karanta lambobi ya riga ya iya rabin neman littafi.

Abin da ake samu ban da littafi

Mai shiga irin wannan wuri a yau zai yi mamakin yawan waɗanda ba aron littafi ya kawo su ba. A Amurka neman aiki, neman taimakon gwamnati da biyan haraji duk sun koma ta intanet. Wanda ba shi da kwamfuta a gida, ko bai iya aiki da ita ba, ɗakin karatu yake zuwa. Ya zauna kyauta, ma'aikaci ya nuna masa yadda ake cika takardar neman aiki, ya buga masa ita.

Ana ware lokaci domin ƙananan yara da ba su isa shiga lakkol ba. Uwaye su kawo su, a zauna a ƙasa, ma'aikaciya ta karanta musu labari tana nuna hotuna, kamar tatsuniyar dare amma da littafi a hannu. Lokacin dogon hutu kuma ana shirya wa ƴan lakkol gasar karatu, saboda malamai sun lura yaron da ya yi wata 2 bai buɗe littafi ba yana komawa aji da baya-baya. Ciwon da ke kama babba bayan an rufe ajin yaƙi da jahilci, shi ne ke kama yaro a hutu.

Kada ku zaci babu manya masu koyon karatu a can. Akwai su, kuma ɗakunan karatu da yawa suna haɗa su da masu koyarwa na sa kai, mutum ɗaya da malami ɗaya, a keɓe, domin kunya ita ce babbar abokiyar gabar babba mai koyo. Baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe suna koyon Ingilishi a nan. Tsofaffin da idonsu ya raunana ana ba su littattafai masu manyan baƙaƙe, makafi kuma littattafan saurare. Wanda ciwo ko tsufa ya hana shi fita, a wurare da dama har gida ake kai masa.

Akwai kuma ajiyar tarihi. A gundumar Washinton, kusa da Sharpsburg, aka gwabza yaƙin Antietam ranar 17 ga Satumba 1862, lokacin yaƙin basasar Amurka. Ɗakin karatu na Hagerstown yana da sashe na musamman inda ake adana tsofaffin jaridu, taswirori, hotuna da takardun iyalai na yankin. Mai neman asalin kakanninsa can yake zuwa.

Wata ƙa'ida da ma'aikatan suke riƙewa da ƙarfi ita ce sirri. Ba a faɗa wa kowa abin da mutum ya ara. Dalili a fili yake: mai neman bayani a kan wani ciwo da yake ɓoyewa, ko a kan bashi, ko a kan rabuwar aure, ba zai taɓa littafin ba in ya san gobe zancen yana bakin kasuwa.

Wa ke biya?

An ce kyauta ne, amma ba daga sama yake faɗowa ba. Jama'a ne ke biya ta hanyar haraji, abin da muke ce wa lanho. Mafi yawan kuɗin daga gunduma da garuruwanta yake fitowa, jaha ta ƙara nata, masu hali su ba da gudummawa. Wani kwamiti na mutanen gunduma ne ke sa ido a kan yadda ake kashe shi. Kaso mafi girma albashin ma'aikata ke cinye shi, sa'an nan littattafai, wuta da gyaran gini.

Attajirin nan Andrew Carnegie, wanda ya yi arziki da ƙarfe, ya fahimci wannan sarai. Tsakanin 1883 da 1929 kuɗinsa ya gina ɗakunan karatu 2.509 a duniya, 1.689 daga cikinsu a Amurka. Amma ba ya ba da ko sisi sai gari ya kawo fili, kuma ya yi alkawarin fitar da kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara domin tafiyar da shi. Garin da ya ƙi sharaɗin bai samu gini ba. Wasu sun ga tsaurin kai ne. Mu da muka ga famfunan da aka kafa da biki suka mutu saboda rashin kuɗin gyara, mun san abin da yake gudu.

Kuma abin da ya ji tsoro ya faru a wasu wurare. A jahar Oregon, gundumomi da dama sun dogara da kuɗin da gwamnatin tarayya ke ba su a madadin kuɗin katakon dazuzzukansu. Da kuɗin ya tsaya, gundumar Jackson ta rufe rassanta 15 gaba ɗaya a watan Afrilu na 2007. An sake buɗe su bayan wata 6, da ƙarancin awoyi. A 2014 mutanen gundumar suka jefa ƙuri'a suka ɗora wa kansu haraji na musamman domin ɗakunan karatunsu. Gundumar Douglas kuwa ta ƙi irin wannan haraji a zaɓen 2016, kuma a 2017 aka rufe tsarinta. Daga baya wasu garuruwan suka sake buɗe nasu, da yawa da ƙarfin ƴan sa kai, amma kowane gari da kansa.

Sai batun tara. Shekara da shekaru wanda ya makara wajen maida littafi yana biyan ƴan kuɗi a kan kowace rana. Aka lura talaka ne tarar ke kora: bashi ya taru, kunya ta hana shi dawowa, littafin ma ya tafi ke nan. Ɗakin karatu na Enoch Pratt ya soke tarar makara a 2018, na Shikago a 2019, na Niyok a 2021. Wanda ya ɓatar da littafi dai har yanzu yana biya.

Ya kamata a faɗi wata gaskiya mai ɗaci. Kalmar "kowa" ba ta haɗa da kowa ba tun farko. A jahohin kudancin Amurka an daɗe ana hana baƙar fata shiga ɗakunan karatu da harajinsu ke ciki. A watan Yuli na 1960, ɗalibai baƙaƙe 8 suka shiga ɗakin karatu na garin Greenville, a jahar Karolina ta Kudu, suka zauna suna karatu, aka kama su. Cikinsu har da Jesse Jackson, wanda daga baya ya yi suna a fafutikar neman ƴancin baƙar fata. Sai dokar 1964 ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a.

Abin da ya shafe mu

Dabarar kai littafi inda mutane suke ta bazu, kowace ƙasa da abin hawanta. A Kenya, hukumar ɗakunan karatu ta ƙasa ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa a 1996, domin ƴaƴan makiyaya. A ƙasashe masu aiki da Faransanci an ƙirƙiro cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC a 1986, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka kafa su. Sharaɗinsu ya yi kama da na Carnegie: gari ya kawo ɗaki da masu kula, a kawo masa littattafai. Ma'aikatan yaƙi da jahilci na ƙasarmu su ma sun daɗe da sanin akwatin littattafai na ƙauye da jaridun karkara irin su Ganga.

Bambancinmu da Maryland babba ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Su matsalarsu nisa ce kawai. Littattafan da harshensu suke, kuma suna da yawa. Mu kuwa littafin Hausa mai sauƙi, wanda sabon mai karatu zai iya bi, shi kansa kaɗan ne. Akwatin da aka cika da manyan littattafan Faransanci ba zai amfani wanda ya koyi karatu da Hausa ba, ko da an kai masa har ƙofar ɗaki. Wannan ƙarancin ne ma ya sa musaya ta fi zama dole a gare mu.

Ƙauyuka 5 ko 6 na komin ɗaya, masu cin kasuwa ɗaya, suna iya gwadawa ba tare da jiran mota ko gini ba. Kowane ƙauye ya zaɓi mai riƙon akwati, mutumin da ake samu a gida kuma mata ba sa jin nauyin zuwa wurinsa. Sau da yawa mace ta fi dacewa. A ba kowane littafi lamba. A sami kaye mai gida huɗu: sunan mai aro, lambar littafi, ranar ɗauka, ranar maidowa. A tsaida ranar musayar akwatuna, misali kasuwar farko ta kowane wata na biyu, a ƙidaya littattafan a gaban shaidu kafin a miƙa. A kuma nemi magajin gari ya sa ƴan jikkuna cikin kasafin komin kowace shekara domin maye waɗanda suka yage. Akwatin ya kasance na ƙarfe mai murfi, a ɗora shi a kan duwatsu ko tubali nesa da bango saboda gara, kuma a riƙa buɗe shi ana shanya littattafan a inuwa bayan damina.